Kwalaben da Inna Hajo ta dirje

Gazawa, Laraba da dare, Nuwamba 1992

Yau kowa ya tafi mitin ɗin jam'iyya, aka bar ni ni kaɗai a labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Na zaɓi kwalabe masu santsin ciki da zan rena ƙwayoyin cuta, na jiƙa su, na fita ɗibar ruwa. Ko da na dawo, Inna Hajo mai sharar asibiti ta dirje su da toka da yashi kamar kwanonin tuwonta.

Ta ce, "Ɗan nan, na ga ba mai kama maka. Ka ma ci abinci kuwa?"

Na ɗaga ɗaya a haske, duk ta karce. Datti zai maƙale a karcen, ko na dafa ta ba ta da sauran amfani. Har na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna tun da aka turo ni garin nan ba wanda ya taɓa tambayata ko na ci.

Na ce, "Sannu da aiki, Inna."

Sauran masu kyau na kulle su a akwati. Gobe zan sake jiƙa mata karzazzun, don kar ta daina leƙowa.