Wannan Karon Ban Ɓoye Maka Ba, Auta

Zuwa ga ƙanena Mustafa, Mai Girma Ministan Sufuri na Scotland.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ni ce yayarka Rabi daga Aston. Na sa muƙaminka a sama don mutane za su karanta, amma daga nan zuwa ƙasa Auta zan ce maka, bakina bai iya wani sunan ba.

Kada ka ji haushi na saka wasiƙar nan a shafina inda kowa zai gani. Wata biyar ke nan ba ka ɗaga wayata. Na rubuta wa ofishinka sau uku, sau ukun nan wata baiwar Allah ce ta amsa mini da Turanci mai kyau, wai Minista ya gode. Shi ya sa na koma Hausa. Wannan babu mai amsa maka ita, sai ka zauna ka haɗa baƙin da kanka, yadda Umma ta koya maka a teburin kicin. Jama'a, duk wanda ya san hanyar da za ta kai gare shi, don Allah ya tura masa yau.

Ni daga Kano aka zo da ni ina shekara goma sha ɗaya, kai a ƙasar nan aka haife ka, a unguwar Longsight. Ni na goya ka. Da zani nake ɗaure ka a baya in bi Stockport Road, Turawa suna waiwayenmu. Karatu bai zauna mini ba, na koma ɗaure kwali a wani sito a Cheetham Hill, kai kuwa ka zarce. Tun kana ƙarami ba ka barin magana ta wuce ka. Har mai naman unguwarmu sai da ka yi gardama da shi a kan layi, wai wata tsohuwa ta riga mu zuwa.

Da ka tafi jami'a a Glasgow, Umma ta cika maka jaka da yaji da kuka. Ka dawo hutu harshenka ya juye, ga wani ɗan baji a ƙirji, kana cewa Scotland sai ta tsaya da ƙafarta. Baba ya ajiye cokali ya ce, “Shekara goma sha huɗu ina bin layi kafin a ba ni fasfon ƙasar nan, kai kuma ka tashi za ka tsaga ta biyu.” Umma ta ce, “Ku bar shi, ya sami mutanensa.”

Sau ɗaya na bi ka yawon ƙwanƙwasa ƙofa, lokacin da kake neman kujerar kansila. Ruwa ake yi, muna hawa bene muna sauka. Wani ya rufe maka ƙofa a fuska ka ce masa ka gode. Wata tsohuwa ta ja mu ciki ta ba mu shayi, ka zauna kana rubuta maganar bas ɗin da aka cire musu kamar uwarka ce ke faɗa. Ka faɗi zaɓen nan. Na gaba ka ci.

Ranar da aka yi ƙuri'ar raba ƙasa ba ku samu ba, gida ka taho. Kwana biyu kana kwance a kujerar falo, Umma tana dama maka kunun gyaɗa, ba ta tambaye ka komai ba. Baba ma bai yi maka tsiya ba, sai dai ya riƙa rage ƙarar talabijin.

Daga nan sai majalisa a Edinburgh, sai minista. Jiragen ruwan tsibirai da bas da titi duk suka dawo wuyanka. Umma ba ta jin rabin abin da kuke faɗa, amma ba ta barin a canza tasha. Takan kira ni ta ce, “Yau sun yi masa ihu, amma bai sunkuyar da kai ba.”

Yanzu bari in faɗi laifina a gaban kowa.

Da likitan unguwa ya tura Umma asibiti aka gano ciwon ya riga ya bazu, ni kaɗai ce tare da ita. A cikin mota ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, “Kada ki gaya masa. Mai hidimar jama'a ba a raba masa hankali. In ya gama dokar jiragen nan ni zan faɗa masa da bakina.” Ka san haka muka taso. Lokacin da mahaifiyarta ta rasu a Kano tana da cikinka, wata biyu aka ɓoye mata sai da ta haihu. Ba ta taɓa cewa an cuce ta ba, cewa take an tausaya mata. Ni ma na ɗauka tausayi nake yi maka.

Wata huɗu ina taya ta ɓoyewa. In za ka kira ta bidiyo sai in ɗaura mata ɗankwali, in sa mata kwalli, in zaunar da ita kusa da taga inda haske zai rufe ramar. Ka taɓa tambayata me ya sa muryarta ta yi ƙasa, na ce mura ce. Ƙarya na yi maka, Auta, ina kallon idonka.

Ta cika ranar Alhamis da hantsi. Kana can wani tsibiri a arewa wajen aiki, iska ta hana jirgin ruwa da na sama tashi. Takardun izinin binnewa suka fito da wuri, manya suka ce ba a ajiye mamaci yana jiran mai rai. Bayan Juma'a aka kai ta. Ka iso Asabar da takalmin aiki, ka tsaya a kan ƙasar da ba ta bushe ba. Magana ɗaya ka yi mini, kuma da Hausa ka yi ta: “Yaya, ni ma uwata ce.” Tun ranar ban sake jin muryarka ba sai a talabijin.

Gaskiyarka ce. Ba ni da abin karewa, kuma ba don ka yafe mini na rubuto ba.

Baba ne. Bayan arba'in na ɗauko shi ya dawo wurina a Aston, ka sani. Abin da ba ka sani ba, idan kun yi waya yana gyara murya ne, yana ajiyewa sai numfashi ya gagare shi. Zuciyar ta gaji, ƙodar ta bi ta. Ranar Litinin likita ta zaunar da ni ta ce makonni ne, kuma kada in ƙirga da yawa. Sun sallamo shi gida, ma'aikaciyar jinya tana zuwa safe da yamma. Cokali uku na kunu yake sha. Sallah a kwance yake yi.

Jiya ina shafa masa mai a ƙafa, ya kamo wuyan hannuna, daidai inda Umma ta riƙe. Ya ce, “Kada ki ɗaga wa yaron nan hankali, majalisa na zama.” Shekarata hamsin da biyu ban taɓa ce wa Baba a'a ba. Jiya na ce. Na ce masa zan faɗa, kuma a bainar jama'a zan faɗa, in zai yi fushi da ni ya yi.

Ya juya fuska bango. Na buɗe gidan tabaransa zan ajiye masa, sai ga takardar kamfen ɗinka ta zaɓen farko, wanda ka faɗi, a ninke har ta yi laushi. Shi da ya ce za ka tsaga masa ƙasa. Ina tsaye da ita a hannu sai na ji ya ce, bai juyo ba, “Jirgin ƙasa daga can awa nawa ne?”

Ban san amsar ba, Auta. Kai ne ministan sufuri. Ka zo ka gaya masa.

Ba sai ka gaishe ni ba. In ba ka son ganina, ka turo saƙo kana bakin ƙofa, zan shige kicin in rufe har ka gama. Ɗakinsa shi ne na farko a hannun dama. Kada ka jira ƙarshen mako, kada ka jira a tashi majalisa. Ina roƙonka da goyon da na yi maka.

Allah Ya jiƙan Umma, Ya haskaka kabarinta, Ya yafe mana ni da ita abin da muka yi da kyakkyawar niyya. Allah Ya ara wa Baba kwanakin da za su ishe ka isowa. Ya kwantar da iska, Ya buɗe maka hanya, Ya sanyaya zuciyarka ko ba a kaina ba. Amin.

Yayarka da ta goya ka,
Rabi