Katangar da Na Rushe Saboda Jirginka

Baban Dija,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, inda kake babu mai kai saƙo. Amma cikina ya cika, kuma kai kaɗai na saba sauke wa, sai ka yi haƙuri da ni.

Yara lafiya lau. Dija ta koma makaranta. Mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya bana, ba mai yi masa mitar zubo ganye a kan fiffiken jirgin saman da ka ƙera. Ran Talata na fita takaba. Ran Laraba na rushe katangar gidanku.

E, da hannuna. Bari in gaya maka da bakina, kafin wani cikin danginku ya riga ni zuwa ya ba ka labarin a karkace.

Bayan sadakar arba'in, yayanka Hamma Sali ya shigo da 'yan gwangwan har tsakar gida su ga jirginka. Suka yi ta zagaya shi suna ƙwanƙwasawa, wai za su dawo da injin yanka. Shekara shida kana dawowa daga shagon walda ka duƙa a kansa, abincinka yana hucewa, shi ne za a daddatsa a ɗora a sikeli? Hamma ya ce tarkace ne ya tare wa mata wurin shanya, kuma ya gaji da jin mutanen Yelwa suna kiranka Kyaftin suna dariya. Na ce ko kusa ɗaya ba za a taɓa ba sai na gama takaba. Ya yarda, don ya ɗauka kafin nan zan huce. Bai san ni ba.

Ana cikin haka sai ga Tizhe, abokinka mai gyaran jikin mota, ya zo da saƙo a waya. Ka tuna babban taron nan na masu ƙera ƙananan jirage da hannunsu, wanda ka ishe ni da zancensa? Sun ga hotunan da ka tura, sun ce a kawo shi. Injiniyoyi za su duba, in ya yi musu, a bar shi ya gwada gudu a fili. Tizhe ya karanta mini saƙon. Da ya gama sai ya kalli jirgin, ya kalli ƙofar zaure, ya dafe kai.

Kai mai walda ne, ba ka yarda da noti ba. Kullum cewa kake abin da aka ɗaure yana kwancewa. Shi ya sa ka liƙe fikafikan da gangar jikin suka zama abu ɗaya, ba sa cirewa. Ta sama ga mangwaro ga wayoyin wuta. Ka ƙera jirgi a gidan da ba shi da hanyar fita, mijina, kuma ba ka taɓa lura ba.

Ni na lura. Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da ka haɗa fikafikan, shekara uku ke nan, kana fita masallaci na kwance igiyar shanya na auna su baki da baki, na je na auna ƙofa. Ko rabi ba ta kai ba. Na mayar da igiyata na shanya kayana, na ja bakina na yi shiru. Wallahi har daɗi na ji. Na ce a raina ya yi ta ƙerawa har ya tsufa, ba inda za shi. Tsoro nake ji ka tashi ka faɗo mini a kan duwatsun Kwaja. Kana ba ni labarin yadda za ka kewaya kasuwar shanu ta sama, ina gyaɗa kai, alhali na san na kulle ka.

To me na tsare? Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ka a kan katifarmu, ƙafarka ba ta taɓa barin ƙasa ba. Wannan abu yana cina kullum.

Na roƙi Hamma a buɗe katangar gabas, ya ce ginin mahaifinsu ne, kuma 'yan gwangwan za su zo Alhamis. Shi ke nan. Laraba da hantsi na ɗaura ɗamara na ɗauko babbar gudumarka. Dukan farko sai da haƙorana suka amsa. Mutane suka taru, na ji ana cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai. Su faɗa mana! Tizhe ya karɓi gudumar da tafin hannuna ya fashe, matarsa tana kwashe ƙasa da daro. Hamma ya iso yana huci, wai zai kai ni wurin mai unguwa. Na ce ya gaishe shi, katanga kuma ni zan kwaɓa ƙasar gina ta da ƙafata, amma wannan jirgi ba za a yanka shi ina numfashi ba.

Da muka turo hancinsa bakin titi, masu keke suka tsaya cak. Wasu sun yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Amma cikin masu dariyar ne aka samu waɗanda suka kama muka ɗora shi a kaikaice kan wata tirela da Tizhe ya nemo, wadda ta sauke siminti. Gobe da safe za mu kama hanya, ina gaban mota kusa da Tizhe da matarsa.

Zai tashi? Ban sani ba. Mai yiwuwa su ce ya yi nauyi, mai yiwuwa su ce injin bai isa ba. Su faɗi abin da suka gani, aikinsu ne. Ni dai ba zan sake zama dalilin da ya hana shi ba.

Ɗazu na kwance igiyar nan na auna ɓarakar da na yi. Ta ɗauki fikafikan, har da rarar kamu biyu. Ka yafe mini shekara ukun da na yi shiru. Na buɗe maka, ko da yake na makara.

Allah Ya haskaka makwancinka, Kyaftin.

Matarka mai taurin kai,
Maman Dija
Yelwa, Mubi