Baba, Na Shiga Cinikin Wani

Zuwa ga mahaifina, Malam Sada Direba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da durƙusawa har ƙasa duk da gwiwar tawa yanzu sai da lallashi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. A makaranta an koya mana mu ɗora da cewa "idan kana lafiya, mu ma haka muke." To nan ilimina ya ƙare, don na gudu daga aji biyu na sakandare kafin malamin ya kai ga yadda ake gaida mutumin da ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ka yi haƙuri da abin da ya samu.

Na san ko kana raye ba ka karanta boko, balle a waya. Amma zan ɗora wasiƙar nan bisa shafina, don mutanen Kusada su sha dariyarsu su kuma zama shaida. Labari biyu na zo maka da su. Na farko, motarka Shuɗiya ta tashi. Na biyu, sai da na karya dokarka kafin ta tashi.

Tun ranar da aka kai ka makwanci, akori-kurar nan taka, Fijo 404, tana nan ƙofar gida inda ka ije ta. Kaji sun yi ƙwai bisa kujerarka. Tayoyi sun nutse. Ni kuwa duk shekara sai in ce bana zan gyara ta, in share gilashi, in koma gindin bedi in zauna.

Bana da damina Yaya Mannir ya tara mu. Ɗanshi zai yi aure, wurin ake so a yi ɗaki, kuma kwanaki an kashe maciji ƙarƙashinta. Ba zan yi mashi ƙarya ba, gaskiya ya faɗa. Har ya kawo ɗan gwangwan, irin masu sayen tsohon ƙarfe su yanka su auna. Ina tsaye mutumin yana ƙwanƙwasa mata ƙofa da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana. Ban san lokacin da na riƙe mashi hannu ba.

Yaya ya dube ni ya ce, "Rabe, in mota ce, ta fita da ƙafarta. Ba turi, ba ja. Kafin a ida shigo da dawa. In ta fita, taka ce, kowa ya yafe maka. In ba ta fita ba, ƙarfe ce."

Na ce na yarda, da murya irin ta wanda ya san abin da yake yi. Ka san ni.

Bishir makanike, wanda ka sani yana yaro yana miƙa sifana, yanzu shi ne babba a garejin Kankia. Ya zo ya duba ya ce injin lafiya lau, Baba ya riƙe shi da amana. Taya da batir da fulogi duk za a samu. Matsala ɗaya kafireto, abin nan da ke haɗa mai da iska. Zanzaro ya yi gini a ciki, kusoshi sun ci tsatsa. Ya ce in jiƙa shi da kananzir kwana uku kada in taɓa. Na jiƙa kwana ɗaya, na ga kamar yana raina ni, na ɗauko guduma. Baba, bugu ɗaya na yi. Ya rabe biyu.

Na je Kano kasuwar kayan gyara da gutsattsarin a leda. Wani matashi ya juya su, ya leƙa cikin shago ya kira babanshi ya zo ya ga abin tarihi. Aka ba ni na wata Fijo da ta biyo bayanta, Bishir ya ɗaura, Shuɗiya ta yi tari biyu ta tofar da mai ta yi shiru. Ba ta son baƙo, halinka ta ɗauko.

Ɗiyata Uwani, takwarar Inna, wadda ka bari tana firamare, yanzu ma'aikaciyar lafiya ce a Kankia, da 'ya'yanta biyu. Ita ta ce mani akwai gwanjo a intanet inda Turawa ke fito da kayan tsoffin motoci, wai can mota in ta tsufa daraja take ƙarawa. Na ce ashe ƙasar da ta dace da ni ke nan. Ta buɗe mani shafi a wayata, ta haɗa da katinta na banki, ta nuna mani lambar da ke jikin tsohon kafireton ta ce in dinga gwadawa da hoto. Ta faɗa mani iyakar da ba zan wuce ba. Ta nuna mani inda ake dannawa a taya. Abu ɗaya ta manta ba ta tambaya ba: ɗan waye ni.

Ka tuna ranar kasuwar Kankia, ina ɗan shekara tara, mun sauke buhunan gero daga Kaikai? Wani dattijo yana cinikin zakara, ni kuma ina da kuɗin sallah a aljihu, na ɗaga murya na taya sama da shi. Ban ida rufe baki ba na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Da kunne ka ɗauke ni har bayan mota. Ka ce, "Mutum na ciniki, ka koma gefe ka naɗe hannu. Sai an ce mashi albarka ya juya baya, sannan kai ka matso." Har yau in ana sanyi kunnen nan na hagu yana tuna mani. Ko wurin gwanjo ba ka bari mu tsaya, ka ce yawanci kayan wanda duniya ta juya wa baya ne.

To kafireto na farko ya fito, wajen wani mutum a Faransa, lamba ta yi daidai. Babu wanda ya taya. Na yi bisimilla na taya. Kwana biyu ina yawo cikin gari ina amsa gaisuwa kamar mai mota. Rana ta uku na duba, sai na iske wani ya taya bisa tayina. Ba sallama, ba komai. Ko suna ba shi da shi, harafi biyu ne da taurari a tsakani. Na ce lalle wannan bai samu uba irin nawa ba. Na naɗe hannu ina jira mai kaya ya tsawata mashi ya ce akwai wanda ya riga ka. Ina nan ina jira har agogon gwanjon ya cika, aka ba marar kunya kaya.

Na biyu ya fito bayan sati uku, gero ya riga ya shigo gida. Wannan karon na iske wani ya riga ni tayawa. Sai na yi abin da ka koya mani, na koma gefe. Kullum in leƙa in ga ko an ce mashi albarka ya tafi. Kwana bakwai ina gadin cinikin wani Bature kamar an ɗauke ni aiki. Ya ida cinikinshi lafiya, ya tafi da kafireto.

Uwani ta zo ranar Juma'a ta karɓi wayar ta duba. Ta ce, "Baba, ko rabin abin da na ce maka ba a kai ba. Mi ya hana ka ƙarawa?" Na yi mata bayani da natsuwa, irin na uba mai koya wa ɗiya tarbiyya. Ta dube ni. Ta toshe baki da mayafi. Ta fita tsakar gida, ina jin ta da uwarta suna dariya har da buga ƙafa. Da ta dawo idonta da hawaye ta ce, "Don Allah tashi mu je wurin Liman, ni ba za ka ji maganata ba."

Liman ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce abin da ka koya mani gaskiya ne, kuma addini ne. Amma wannan inda mai kaya ya karkata ga mutum ɗaya ne suna daidaitawa. Inda kuwa shi da bakinshi ya ce wa zai ƙara, ƙofa ya buɗe wa kowa, babu laifi. Sannan ya gyara zama ya ce, "Malam Rabe, sau nawa ka ce?" Na ce sau biyu. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, amma ina ganin kafaɗunshi suna rawa.

Daga nan kasuwa ta yi shiru. Kullum in duba, babu. Dawa ta fara sunkuyar da kai a gonakin hanyar Yashe. Aka sauke bulo kusa da Shuɗiya. Ɗan gwangwan ya koma gaishe ni da fara'a duk inda muka haɗu, har yana tambayar iyali. Ban taɓa jin tsoron gaisuwa ba sai a watan nan. Abin da ke hana ni cin tuwo ba ƙarfen ba ne, Baba. Ramin nan ne da bayanka ya yi a jikin kujera. Har yanzu yana nan. Na kan zauna ciki, bai cika da ni ba.

Na uku ya fito ana saura kwanaki a fara yankan dawa. Tsoho ne amma an wanke shi, lamba daidai, kuma tuni wani ya taya. Uwani ta ce kada in motsa sai minti na ƙarshe, haka gwanayen ke yi. Na ce wato ban da shiga ciniki har da kwanton ɓauna. Ta ce eh.

Ranar Talata za a rufe, bayan la'asar kaɗan. Ina sallamewa na fito, sabis ya ɗauke. Na zaga gida, babu. Na ɗaga waya sama na bi lungu, babu. Inda na samu sanda biyu na sabis, Baba, bisa rufin Shuɗiya ne. Ni da furfurata da jikoki, na tattare riga na hau, mata masu dawowa daga rijiya suna tambayar ko lafiya. Saura minti ɗaya na rubuta abin da zan iya. Yatsana ya tsaya. Wallahi kunnena na hagu zafi ya ɗauka. Na ce, "Bawan Allah, ko waye kai, ka yafe ni," na runtse ido na danna.

Da na buɗe, shafin ya yi kore. Na kira Uwani na karanta mata Turancin harafi-harafi, ta yi guɗa a wurin aiki. Saukowa ce ta gagara, sai da aka kawo tsani.

Sati biyu da kwana huɗu kwalin ya yi a hanya. Ya sauka Kano wurin masu karɓo kaya, aka ba direban motar Katsina, ya miƙo mani ta taga a bakin titin Kankia ko tsayawa sosai bai yi ba. Na rungumo shi bisa mashin har gida kamar jariri. A lokacin amalanken shanu sun fara shigowa da dawa.

Ranar da Bishir ya ɗaura, ban gayyaci kowa ba, amma ƙofar gida ta cika. Ɗan gwangwan ma ya zo, da buhun kayan aikinshi, wai wucewa yake. Yaya Mannir yana tsaye gefe da babbar riga, hannu a baya. Na shiga na zauna cikin raminka. Na murɗa makulli, ta yi tari. Na sake, ta yi tari ta yi shiru. Bishir ya ɗiga mata mai a maƙogwaro ya ce in taka totur sau biyu, kada in yi mata gardama. Na murɗa na uku.

Baba, muryarta ba ta canza ba. Kaji suka watse, hayaƙi ya rufe bulon Yaya, wata tsohuwa a cikin gida ta fasa salati don ta ɗauka kai ne ka dawo daga Yashe.

Na jawo giyar nan ta jikin sitiyari, na saki kuloci a hankali. Ta yunƙura ta tsaya. Na sake, ta yunƙura ta tsaya. Sai na hango Yaya ta madubi. Ka san shi ne yaron motarka shekara tara kafin ya kama kasuwanci. Ya zagaya baya, ya duƙa da babbar rigarshi, ya zare wejin katakon nan da kai da hannunka ka sa a taya ranar da ka ije ta. Duk taronmu da makanikenmu babu wanda ya tuna da shi. Ya jefa shi cikin akori, ya daki jikinta sau biyu da tafin hannu, ya ce, "Mu je!" Kuma ya ɗafe baya, mutum mai shekara sittin da ɗoriya.

Ba mu tsaya ba sai Kankia. Da muka isa ya sauko yana goge ido, ya ce iska ce. Na ce ni ma ita ce, duk da gilashina a rufe yake.

Yanzu tana ƙofar gidana ƙarƙashin rumfa. An fara ginin ɗakin. Ɗan gwangwan ya samu tsohon kafireton da na fasa, kyauta, kuma ya rage fara'a, alhamdu lillahi.

Saura maganar dokarka. Liman ya wanke ni, amma kai ne ka ja kunnen, don haka kai nake faɗa wa. Sau ɗaya na yi, Baba. Kuma na kan tuna mutumin nan mai harafi biyu da taurari. Wa ya sani ko shi ma motar babanshi ce ke zaune ƙofar gida, da wani yayan da ya sa mashi rana.

Allah Ya fito mashi da wani kafireton, lamba daidai, ranar da babu ɗan kowa a kasuwa. Kai kuma Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya yalwata maka shi fiye da yadda ka yalwata wa fasinjan da ba shi da kuɗin mota. Ya haɗa ka da Inna a Aljanna, Ya sa in mun zo a ɗauke mu ko a baya ne. Amin.

Bishir ya ce famfon ruwa ma ya kusa. Na riga na gano wani, kuma babu wanda ya taya tukuna. Ka taya ni addu'a kada kowa ya zo.

Ɗanka mai kunnen hagu,
Rabe, direban Shuɗiya, Kusada.