Irin Doyar Malam

Garki, daren Laraba, ranin 1968

Sai da na ga an share ƙasa fes an kewaye gindin ɗorawar gonarmu, sannan na gane abin da ya faru. Masu farautar gafiya ne suka cinna wa daji wuta, ta ci har gonarmu. Na fita da gudu ko takalmi babu, don irin doyar Malam yana can gindin ɗorawar lulluɓe da ciyawa, ni kuwa tun rasuwarsa ban taka gonar ba. Ko'ina toka, amma wutar ta tsaya a bakin sharar. Ko ɗaya bai ƙone ba.

Na tarar da Baba Jatau, Bagwarin da muke iyaka da shi, zaune kan kututture. Na ce, "Baba, aikinka ne?"

Ya ce, "Matar Malam, duk shekara ni da mijinki muke yi. Da ma shi surutu yake, ni nake sharar."

Na yi dariya, sai kuka ya biyo. Alhamdulillahi.

Iri ya tsira. Saura tada kunyoyin shuka kafin ruwa ya sauka, kuma ban sami mai yi ba tukuna.