Ƙarfe Huɗu Zuwa Magariba

Litinin, 22 ga Afrilu

Yau na kai wayar yarinyar wurin ƙanena Ja'afar, a shagonsa na gyaran waya da ke bakin tashar Bebeji. Ya sa mata manhajar nan da iyaye ke kulle wayar 'ya'yansu da ita, ya haɗa da tawa. Daga ƙarfe huɗu zuwa magariba babu abin da zai buɗe sai tambayoyin jarrabawa. Ya tambaye ni lambobin da za a bari su shigo, na ce tawa da ta babanta sun isa.

Ya ce, "Yaya, kin dai gaya mata ko?" Na ce tun yaushe uwa take neman izini.

Saura sati uku ta fara jarrabawar fita sakandare. Malam, babanta, ya saya mata wayar don karatu, ya bi motar masara zuwa kudu ya bar ni da aiki. Kullum bayan la'asar tana bayan ɗakin girki tana dariya ƙasa-ƙasa, littafi a kife. Na san inda irin wannan dariyar take kai 'ya mace. Ni lissafi kaɗai na faɗi, shi ya hana ni shiga kwalejin malamai. Ba za a maimaita a gidana ba.

Laraba, 24 ga Afrilu

Ta duba wayar, ta dube ni, ta ɗauki littafi. Haka ake so.

Ko a littafin nan da babu mai gani, na kasa rubuta sunanta. 'Yar fari ce, kuma haka aka rene mu: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi. Ranar da na yaye ta, Dada, mahaifiyar Malam, ta goya ta zuwa rugarsu ta kusa da Falgore. Sai da ta shekara goma sha biyu aka dawo min da ita saboda makaranta. Ƙannenta suna ce min Umma, ita Adda take cewa, kamar wata yayarta. Ban taɓa gyara mata ba.

Asabar, 27 ga Afrilu

Saƙo ya faɗo wayata: tana neman ƙarin minti ashirin. Tana tsakar gida, ina ɗaki, taku biyar tsakaninmu. Na danna a'a.

Alhamis, 2 ga Mayu

Manhajar tana nuna min kiran da ta hana. Lamba ɗaya ce, kullum wajen biyar saura. Yau na shirya faɗan da zan yi wa ko ɗan waye, na kira.

Maikano ne ya ɗauka, ƙanen Malam.

"Adda, ashe kuna lafiya. Dada ce fa. Mun ɗauka wayar ce ta lalace."

Wai a rugar babu sabis sai a kan wani dutse da ke bayan garke. In rana ta yi sanyi Dada takan dogara sanda ta hau, ya kira mata kiran da ake ganin fuska. Kafin magariba dole su sauko, dajin ba wurin daɗewa ba ne yanzu. Ban ankara ba ya miƙa mata. Na tsinci kaina a durƙushe ina gaishe ta, kamar tana ganina.

Na ce karatu ne ya yi yawa. Ta ce, "To, a bar ta ta yi. Ni dama fuskar kawai nake dubawa, in ga ko tana cin abinci."

Ko tana cin abinci. A gidana.

Juma'a, 3 ga Mayu

Ban buɗe ba. Ita Dada da bakinta ta ce a bar ta. Sati uku ba shekara ba ce, kuma doka in aka sassauta ta sau ɗaya ta tashi daga doka. Yaran yanzu babu abin da ya lalata su kamar iyayen da ba sa iya cewa a'a.

Shekara biyar tana gidan nan, ban taɓa jin ta yi wannan dariyar da ni ba. Wannan ba shi ne dalili ba. Na dai rubuta ne.

Talata, 7 ga Mayu

Ta ci arba'in da ɗaya cikin hamsin a gwajin da suka yi. A da, ashirin da wani abu take ci. Ga amfanin abin nan, duk mai magana ya zo ya gani.

Bayan magariba na ji ta a bayan ɗakin girki tana naɗa saƙon murya da Fulatanci. Ban ji duka ba, na dai ji "kosam", wato nono, na ji ta ambaci wata saniya. Tunda tana tura saƙo, ai ba a raba su ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ina tankaɗe ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta saba ba.

"Adda, minti biyar kawai. Baffa Maikano ya ce tana tari."

Na ce tsofaffi duk suna tari in ruwan farko ya sauka. Na ce ranar Alhamis za ku yi lissafi, kina fitowa zan buɗe miki, ki yi ta hira har ki gaji.

Ta ce to. Ta ɗauki rariyar da na ajiye ta ƙarasa min tankaɗen. Da ma ta yi min musu.

Laraba, 15 ga Mayu

Yau ma an kira, sau uku a jere. Gobe ne dai.

Alhamis, 16 ga Mayu

Dada ta rasu da asuba. Allah Ya jiƙanta.

Maikano ya kira ni ƙarfe bakwai, ya hau dutsen don ya faɗa. Yarinyar tana gabana cikin kayan makaranta tana fiƙe fensir. Na ce masa to, to, na kashe. Ta ce waye, na ce Ja'afar ne. Na ba ta koko, ta tafi.

Ƙarfe ɗaya ta dawo da sauri, tun daga zaure take cewa, "Adda, ya yi sauƙi. A buɗe min." Sai ta ga mata 'yan ta'aziyya a tsakar gida.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce, "Ashe tun safe kin sani." Ba tambaya ba ce.

Asabar, 18 ga Mayu

Mun je zaman makoki. Mota zuwa Tudun Wada, daga nan babur. Malam ya iso jiya.

Maikano bai yi nufin komai ba, labari kawai yake bayarwa. Wai in ya kunna mata saƙon yarinyar, sai ta riƙa amsawa tana tambaya, ta jira. In ba a amsa ba ta ce, "Ba ta jina ne?" Ya yi mata bayani har ya gaji. Ranar Laraba ƙafarta ta kasa, ta sa aka ɗora ta a babur har gindin dutsen, shi da wani suka tallabe ta zuwa sama. Ta sa sabon kallabi.

Malam ya dube ni sau ɗaya.

Da la'asar na nemi yarinyar na rasa. Aka nuna min ita can kan dutsen, ita kaɗai. Ashe ba wani dogo ba ne. Na ƙirga taku tun daga bukkar Dada: ɗari uku da goma sha biyu.

Litinin, 20 ga Mayu

Na ce wa Ja'afar ya cire manhajar. Ya ce ba sai na zo ba, daga wayata zan iya, dannawa biyu ne. Dannawa biyu.

Laraba, 22 ga Mayu

Na gaya mata an cire. Ta ce to. Ƙarfe huɗu na yi ta kife wayar da kanta a kan taga ta ɗauki littafi. Babu mai kira.

Na yi abin da kowace uwa mai hankali za ta yi. Ajali kuma ba a hannuna yake ba. Na faɗa wa kaina wannan sau da yawa yau.

Asabar, 25 ga Mayu

Babu wani labari. An yi ruwa, Malam ya fita duba gona.

Na sayi nono wurin masu tallan ruga na dama fura, don dai zafi ake yi. Wajen biyar saura na leƙa, tana zaune a bayan ɗakin girki, ba waya ba littafi. Ta rame. Ban lura ba sai yau.

Na tsaya da kwanon a hannu na rasa yadda zan ce ta karɓa. Sai na kira sunanta. Ta waiga wajen zaure, ta ɗauka baƙuwa ce ta shigo. Sai da na sake.

Ta sha rabi. Na zauna a kan turmi har ta gama, tunda ba ni da wani aiki a lokacin.

Gobe ma zan dama wa Hamdiyya.