Agogon Kano a Cikin Kwamfuta

Ghali,

Na wuce aiki. Yau akwai wasa a filin ƙwallo na Al Thumama a nan Doha, tun safe ake son masu gadi a ƙofa.

Na gyara kwamfutarka bayan asuba. Ƙaramar kwamfutar nan ta manhaja da aka girka a cikinta, wadda kake karatu da ita tun kullen korona, lafiyarta ƙalau. Kai ne ka ja agogonta baya da awa biyu, lokacin Kano, don ka san lokacin kiran Hajiyarmu. Shi ya sa take ƙin sauke sababbin manhajoji, wai lokacinsu bai yi ba. Ina daidaita shi, komai ya sauka.

Kwana uku abokin nan naka Rashad yana zuwa yana danne-danne, har da cewa a goge komai, ga jarrabawarka ranar Asabar. Amma jiya da kunnena na ji kana gaya wa Hajiya shi ne yayanka a Doha.

Kada ka sake taɓa agogon. Na bar maka nawa na hannu a kan tebur, na saita shi lokacin Kano. In ka kira ta, ka faɗa mata wanda ya gyara.

Yayanka na gaskiya,
Haladu