Ba Yaji Na Yi Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hajiya Rabi da yara, ya zaman Legas? Mu nan Gusau sai godiya.

"Duk abin da likita ya ce, ni zan tsaya miki." Kai ka faɗa, ranar da sugana ya hau. Kai ka sa mini manhajar nan a waya, ta tambayi shekaruna da ciwon gwiwata, ta yanka mini tafiyar da zan riƙa yi kullum.

Na fara fita bayan asuba. Maƙwabciyarmu Delu ta gan ni ina sauri, ta baza cewa na yi yaji. Har ƙanin maigidana Malam ya tafi gidanmu Bungudu biko, ni kuwa ina ɗakina ina shan koko! Malam ya ji kunya, ya hana ni fita. Na kira ka, ka ce in yi haƙuri.

Da haƙurin nan suga ya sa aka yanke wa Innarmu ƙafa.

Gai da kowa, a sa ni a addu'a. Ka kira Malam kafin Juma'a. In ba ka kira ba, ranar Asabar zan taka har gidanmu na Bungudu, waya tana ƙirga takuna. A ranar, maganar Delu za ta zama gaskiya.

Ƙanwarka,
Hadiza